Hular Kwano Ɗaya, Gola Biyu

Edita, ina gaisuwa. A farkon shekarun 1990 ni budurwa ce mai ƙarfin jiki da taurin kai, ina koyarwa a wata firamare a Kafanchan, kuma ni ce gola a ƙungiyar hoki ta mata ta garin. Hoki shi ne wasan da wasu ke kira ƙwallon gora, wanda ake kora ƙwallo da sanda mai lanƙwasa. Wanda bai taɓa riƙe ƙwallon ba yakan raina shi, don girmansa bai wuce na lemun zaƙi ba, amma taurinsa na dutsen guga ne. Babana ya rasu tun ina sakandare. Mama citta take sayarwa a kasuwa, kuma ba ta taɓa gane dalilin da zai sa malamar makaranta ta tsaya a gaban raga ana jifan ta ba.

A shekarar ne muka samu shiga gasar mata ta ƙasa karon farko, kuma mun yi kakar wasa guda cur a cikinta. Ƙungiyarmu haɗin gambiza ce: 'yan Kagoro, 'yan Bajju, 'yan cikin gari masu wasa da dogon wando, da 'ya'yan ma'aikatan jirgin ƙasa. Kyaftin ɗinmu 'yar kudu maso gabas ce amma a kwatas ɗin reluwe aka haife ta, kuma idan ranta ya ɓaci da harshe uku take zagi. Kulob ɗin yana da ɓangaren maza da na mata, ciyaman ɗaya ke riƙe da su duka. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, dattijo ne a ikilisiyarmu, abokin babana ne kuma, shi ya sa Baba nake kiran sa. Duk abin da maza suka gaji da shi, shi ne namu, har sandunan da suka tsage aka naɗe da salatif. Abu ɗaya ne ba a iya gadar mana ba, wato hular kwano ta gola mai ragar ƙarfe a fuska. Guda ɗaya ce tal a kulob ɗin, a but ɗin motar ciyaman take kwana, kuma dokar ita ce duk golan da ke da wasa shi zai ɗauka.

Kocinmu ya je wani kwas ya dawo da sabon salo. A hoki akwai bugun da ake ba abokan hamayya idan an yi laifi kusa da raga: a turo ƙwallo bakin da'ira, ɗaya ta tare, ɗaya ta zabga shi da dukan ƙarfinta, kuma dole bugun ya bi ƙasa-ƙasa. Koci ya ce manyan gololin duniya sun daina tsayuwa a irin wannan bugu, kwanciya suke yi a gicciye su toshe bakin raga da jikinsu. Na ce masa ai wannan kai fuska ne daidai inda ƙwallo zai bi. Ya yi dariya, ya sa mini hular, ya ƙwala mata sanda har kunnena ya yi ƙara, ya tambaye ni ko na ji zafi. Ban ji ba. Daga ranar kullum yamma sai ya sa a yi ta buga mini, ina faɗuwa ina tashi a kan jar ƙasa, har ta kai da na ji ƙarar sanda jikina ke kwanciya kafin in yi tunani.

Farkon kakar mun sha kashi. Mukan hau jirgin da zai tsaya a daji rabin yini, mu isa garin mutane da kumburarrun ƙafafu, a lallasa mu, mu dawo. Amma da kwanciyar nan ta zauna mini sai abubuwa suka canja. Ƙungiyoyin da ke da filin ciyawa da kaya sababbi suka fara tashi canjaras da mu. Idan muna wasa a gida har masu mashin sukan ajiye aiki su zo kallon malamar da ke kwanciya a gaban raga. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin abin ƙwarai, kuma ban taɓa son wani abu a rayuwata kamar yadda na so wannan kakar ba.

Wasanmu na ƙarshe a gida ya faɗo, ranar Asabar, kuma canjaras kawai muke nema mu tsira a gasar. Idan muka sha kashi, mun fita ke nan. Da safe na je gidan ciyaman ɗaukar hula, na tarar yana goge mota, ya sha babbar riga. Ashe ranar ana liyafar karrama wani babban mutum a Zonkwa, an shirya wa maza wasan sada zumunci a wurin don a ƙawata taro. Na tuna masa cewa namu wasan gasar ƙasa ne, nasu kuwa na biki. Ya dafa kafaɗata yana murmushi.

"'Yata, ki yi haƙuri. Manya za su zo, ba za mu kai gola da kai a buɗe ba. Ku ai mata ne, bugun mata ba shi da ƙarfi."

Ya yi alkawari da an gama wasan maza zai ba mai mashin ya kawo ta kafin a busa namu. Zonkwa ba nisa, na yarda. Har yau idan na tuna murmushin nan sai in ji jinina ya hau. Mutumin bai taɓa tsayawa a gaban bugun kowa ba, namiji ko mace.

Lokaci ya yi, alƙalin wasa yana duba agogo, babu mashin babu dalilinsa. Kyaftin ta ce kada mu buga. Koci ya ce idan muka ƙi fita an ba baƙi wasan ke nan, wahalar shekara ta tashi a banza. Daga nan kowa ya zuba mini ido. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai: babu wanda ya ce in shiga. Da wani ya buɗe baki ya umarce ni, da na samu wanda zan yi wa gardama. Kallona kawai suka yi, 'yan mata da na ci abinci kwano ɗaya da su a tashoshin jirgi, ga 'yan kallo sun cika fili suna kiran malama. Na ɗaure kaina da ɗankwali na shiga. Abin da koci ya iya faɗa shi ne in tsaya da ƙafafuna, kada in kwanta, kamar ba shi ne ya shafe watanni yana cire mini tsayuwar daga jiki ba.

Na yi ƙoƙari. Bugun farko da na biyu na tare su a tsaye, ina faɗa wa kaina kada ki kwanta. Can kusa da tashi, babu wanda ya ci, na gaji, aka sake ba su bugun. Na ji ƙarar sanda, kafin in ankara ina ƙasa a gicciye. Ƙwallon ya goge sandar 'yar bayanmu ya ɗan tashi, ya same ni a idon hagu. Ban ji zafi nan take ba, wani fari ne ya rufe ni. Kyaftin ta ce daga tsakiyar fili ta ji ƙarar. A gadon asibiti aka yi mini albishir cewa ƙwallon bai shiga ba, mun tsira a gasar. Daga baya aka wuce da ni Kaduna, likitoci suka yi iya yinsu, a ƙarshe suka cire idon.

Ciyaman ya zo duba ni da lemu da gwangwanin madara. Ya yi doguwar addu'a har da ƙwalla. Ya ce nufin Allah ne, kuma in duba halin da ya shiga, kai biyu hula ɗaya, duk wanda ya hana zai iya jin ciwo. Maganar ta ɗan shige ni. Da na dawo gida sai aka taso ni a gaba da zancen gafara. Matan zumunta na ikilisiyarmu suka zo, fasto ya zo, Mama tana kuka tana cewa kada in ƙara mata abin kunya a kan baƙin ciki. A ikilisiyarmu idan mutum biyu suna da damuwa a tsakaninsu, ba sa cin jibin Ubangiji, wato gurasar da ake rabawa a sujada, sai sun fito gaban jama'a, babba ya nemi gafara, ƙarami ya ce ya yafe, su gaisa, a tashi da waƙa. Na amince za a yi ranar Lahadi. Na gaji da faɗa, kuma ina son in koma cikin mutane.

Ana saura kwana kaɗan sai golan maza ya zo gidanmu. Ya zauna a bakin ƙofa yana murza hannu, ya kasa kallon fuskata. Ya ce akwai abin da ke hana shi sukuni. Hular ba ta fita daga but ɗin mota ba ranar. Da suka isa Zonkwa ciyaman ya ce kada ya sa ta, domin za a ɗauki hoto da babban baƙo kuma ana so a ga fuskar kowa. Wasan ma na wasa ne, a hankali aka buga, har an tsayar da shi don masu rawa su shiga fili. Ya ce ya je ya tuna wa ciyaman zancen mai mashin, ya same shi a teburin manya, ciyaman ya kore shi da hannu. Makullin motar yana aljihunsa har aka watse.

Ban yi kuka ba. Na yi masa godiya, na raka shi. Ban gaya wa Mama komai ba.

Ranar Lahadi aka kira mu gaba. Ciyaman ya ɗauki makirfo ya yi magana mai daɗi a kan gwaji da haƙuri, ya rufe da cewa idan akwai inda ya yi kuskure, 'yarsa ta yafe masa. Wannan "idan" ɗin ce ta ƙarasa ni. Aka miƙo mini makirfo, jama'a har sun fara gyara murya don waƙa.

Na ce, "Baba, zan yafe. Amma ka fara gaya wa jama'a inda hular take a lokacin da ƙwallo ya same ni."

Ya dubi fasto, ya dubi ƙasa, ya ce shi ba zai tsaya yarinya tana yi masa tambayoyi a gidan Allah ba. Fasto ya matso yana raɗa mini cewa in faɗi kalmar kawai, sauran a yi a ofis. Na ce a nan aka kira ni, a nan zan ji amsa. Bai faɗi inda hular take ba, ni ma ban ce na yafe ba. Na ajiye makirfo na koma wurina.

Kafin mako ya zagayo majalisar dattawa ta zauna, shi ma yana cikinsu, aka sa ni ƙarƙashin horo saboda taurin zuciya da kunyata dattijo. Horo yana nufin bencin baya, ba jibi, ba ƙungiyar mawaƙa. Watanni ina zaune a can da tabarau baƙi, shi kuma yana zagayawa da faranti yana ba mutane gurasa, ya zo daidai layina ya juya. Ban taɓa jin fushi irin na waɗannan Lahadin ba. Mutum ɗaya ce ta zauna tare da ni, kyaftin, wadda ba ma 'yar ikilisiyarmu ba ce. Ita ce kuma ta ce ba za ta sake jagorantar kowa fili ba sai an sayi hula ta biyu. Ba a saya ba. Kakar da ta biyo ba mu buga ba, ƙungiyar ta watse, kuma a gari aka ce rashin yafiyata ne ya kashe ta. Daga baya na koma wata ikilisiya. Shi kuwa har ya bar duniya bai faɗi inda hular take ba.

Ban ƙi gafara ba, Edita, kuma ba na koya wa kowa ya ƙi. Abin da na gane shi ne a wurinmu an fi saurin neman gafara daga wanda aka cuta fiye da neman gaskiya daga wanda ya yi cutar, musamman idan shi babba ne ita kuma yarinya. Masu riƙe da ƙungiyoyin 'yan mata, idan ba za ku iya ba su abin kare jiki nasu na kansu ba, kada ku tara su. Masu koyarwa, kada ku koya wa yarinya abin da sai da kariya ake yin sa, sannan ku tura ta babu kariyar ku ce ta yi hankali.

Ke kuma 'yar'uwa mai wasa, ranar da kayanki ba su cika ba, aka zuba miki ido aka yi shiru, ki zauna a ƙasa ki kwance takalminki. Za su ji haushi, za su yi magana, kafin wata ya ƙare sun manta. Ni kunyar idon mutane ta ɗan lokaci na ji, na shiga fili. Har yau ina koyarwa, kuma idan yaro ya ɗaga hannu ta hagun aji, sai wani ya ce, "Malama, ga wani can," sannan in juya in gan shi.