Fararen Shanun Kakanmu

Da asubar Talata muka bar Karaye, ni da wani maƙwabcina mai fataucin gyaɗa, kowa a kan kekensa. Baffa, ƙanen mahaifina da ke Gwangwan, shi ya aiko cewa ciwon huhu ya shiga garkenmu na gado, in zo in gani da idona.

Hanyar ba daɗi. Ruwan ƙarshen damina ya zaizaye ta, motocin gyaɗa suka ƙarasa sauran. Wani wurin yashi ya yi yawa, sai mu muka ɗauki kekunan maimakon su ɗauke mu. A kasuwar Rogo mun sha fura da nono ta kwabo biyu, mai kauri. Abokin tafiyata ya zaga neman dafaffen rogo bai samu ba, ya ce lallai a sake wa garin suna.

Da la'asar muka isa. Muna gama gaisawa Baffa ya ja ni bayan gida. Fararen shanun nan da kakanmu ya bari, waɗanda a da har kallonsu ake zuwa yi, saura bakwai, sun sunkuyar da kai suna tari. Ko maraƙi ɗaya babu. A tsallaken rafi kuwa ga garken maƙwabcinsa na kiwo, ja da baƙi da roɗi-roɗi. Shi ma ya yi asara, amma yawancin nasa sun tashi.

Washegari malamin dabbobi na En'e, wato hukumar gargajiya, ya zo. Ya duba su, ya tambayi inda muke samun bijimi.

"Na gida ne," in ji Baffa. "Uba ya tsufa, ɗansa ya gaje shi."

Malamin ya ce, "To, wannan ma ya taimaka. Maraƙi rabi yake ɗauka wajen uwa, rabi wajen uba, shi ya sa ba a samun biyu iri ɗaya. Ciwo in ya zo sai ya kayar da wannan, wancan ya jure. Naku kuwa bijimi yana hawan 'ya'yansa da jikokinsa, har sun zama kamar saniya ɗaya. Abin da ya iya da ɗaya ya iya da duka."

Baffa bai dube ni ba, amma na san abin da ya tuna. Shekara shida da suka wuce wasu Fulani masu wucewa suka so musanya mana wani jan bijimi. Baffa ya so. Ni na hana, na ce kada a gurɓata irin kaka, ni da ɗinki nake a Karaye, ban taɓa tatsar saniya ba. Ya haƙura don rabin garken rabon mahaifina ne.

Da malamin ya tafi na ce, "Baffa, laifina ne."

Ya ce, "Ni ma ai da girmana na bi maganarka, ɗana. Tashi mu ba su ruwa."

Kafin mu juyo na je na roƙi maƙwabcin Baffa aron bijimi in ciwon ya wuce. Ya amince ba gardama.

Ranar Juma'a muka dawo Karaye, ban ma lura da ramukan hanya ba. Tafiyar nan ta nuna mini cewa abin da nake kira tsare iri, kashe shi nake yi a hankali. Bayan kwana uku saƙo ya iso: bakwan nan sun koma biyar.