Wa Ag Gida?

Ban taɓa zama jarumin fim ba, kuma ban taɓa nema ba. Jarumi kyansa ake saye, ya tsufa a manta da shi. Ni kuwa da wannan fuska tawa ta wanda aka tasa daga barci, aiki bai taɓa yanke mini ba. Na fito jandarma, na fito mai gadi, na fito mahaucin da ke danne sikeli da yatsa. A tele, wato talabijin, a Yamai na yi kawun amarya har goro ya gundure ni. A rediyo ni ne sauron da ke kuka a tallar gidan sauro, shi ya sa har yau in na shiga kasuwar Bangi sai wani ya tafa hannu kusa da kunnena, wai ya kashe ni. Na iya aikina, kuma ba na jin nauyin faɗa.

Babana har ya bar duniya yana cewa wasa nake yi. Wannan bai dame ni ba, ko banza ya yi magana. Innata ce ba ta taɓa cewa komai ba. Ni ne ɗanta na fari, kuma a garinmu Babankatami uwa ba ta kama sunan ɗan fari, balle ta yabe shi. In na fito a telen maƙwabta, nan take za ta tuna akuyarta ba ta sha ruwa ba. Na san kunya ce ta al'ada, amma abin yana cina. Furfura ta fito mini ina jiran kalma ɗaya daga bakinta.

Bayan rasuwar baba aka ba ni tsohon manomi a wani wasan rediyo a Madawa, kan jera duwatsu a gona don tare ruwa. Mai shirya wasan ya so in yi Hausar birni, na ce masa tsohon Adar ba haka yake magana ba, in bai yarda ba ya nemi wani. Sai na ɗauko babana ɗungurungum. Shi bai taɓa kiran inna da suna ba. In ya taso daga gona sai ya tsaya bakin ƙofa, ya yi gyaran murya mai kauri kamar ana jan turmi a ƙasa, ya ce, "Wa ag gida?" Haka na sa tsohon nawa ya riƙa shiga gidansa.

Ƙanwata ce ta ba ni labarin ranar da aka sa wasan. Inna tana tankaɗe, da jin gyaran muryar ta ajiye rariya, ta gyara kallabi, ta nufi randa. Sai da ta cika moɗa sannan ta tsaya cak. Daga baya ta zuba wa kaji ruwan, ta shige ɗaki. Da na ji haka na ɗauka na tono mata ciwo ne kuma ba za ta yafe mini ba.

Da kaka na je gida. Na gaishe ta, ta amsa tana kallon bango kamar kullum. Can sai ta ce da ƙanwata a gaya wa baƙon nan ya koma waje, ya shigo irin na rediyo. Na fita na tsaya bakin ƙofa cikin hantsi. Na yi gyaran murya.

"Wa ag gida?"

Ta taso da moɗa, ta miƙo mini da hannu biyu, idonta a ƙasa yadda take yi wa baba.

"Sannu da rana, maigida, ka daɗe," in ji ta. "Yaron ga naka da kac ce wasa shika yi, to ya iya. Ni dai ban hwaɗa mishi ba."

Na karɓi moɗar na kafa kai, na yi ta sha har ruwan ya ƙare, don kada ta ga fuskata.