Brimah Sulemana, Ɗan Ƙwallon Da Ba A Gani Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, Allah Ya karɓi ran aminina Brimah Sulemana. Ya faɗi ne a tashar Race Course yana jiran motarsa ta cika, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Brimah, matasan yanzu direban motar Tamale suka san ka. Mu da muka taso tare a Zongo mun san ba a yi mai ƙafar hagu irin taka ba. Kullum bayan sallar asuba kai ne a fili kana gudu, mu muna komawa barci.

Shekarar da masu neman 'yan wasa suka zo daga Turai, duk unguwa ta san kai za su ɗauka. Da safiyar gwajin Hajiya, mahaifiyarka, ta yanke jiki ta faɗi. Ka goya ta zuwa bakin titi, ka wuni a asibiti. Ni aka sa a gurbinka. Ƙwallo ta bugi gwiwata ta shiga raga, aka rubuta sunana.

Ranar tafiyata Turai ka zo da takalmanka na wasa a leda, ka ce, "Seini, nawa sun fi naka ƙwari, can akwai sanyi."

Ka ci gaba da atisaye shekara da shekaru. Mutanen nan ba su dawo ba, gwiwarka ta lalace, ka koyi tuƙi. Tsofaffi nawa ka kai Tamale kyauta? Jiya a wurin zaman makoki a unguwar Buokrom wata dattijuwa ta ce kai ke sauke mata kaya har ƙofar gida.

Na taɓa ce maka sa'a ce kawai ta kai ni. Ka ɗaure fuska ka ce, "Kar ka raina wahalarka. Da aka kira ka, ai ka iya." Ni ma na san na yi ƙoƙari, amma naka ya ninka nawa, kuma ba wanda ya zo ya duba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya saka maka da abin da duniya ta hana ka. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Barkisu, da 'ya'yanka Aziza da Fadil, da Hajiya, wadda har yau take cewa ita ta tare maka hanya. Hajiya, wallahi bai taɓa faɗin haka ba. Allah Ya ba mu haƙuri.

Seini Osmanu