Kujerar Malam Raɗa

Duk wanda ya taɓa kai agogonsa gyara a ɗan shagon nan na ƙarƙashin matakalar bene, tsakanin mai sayar da takalma da mai kwafin takardu, ya san Malam Raɗa, ko da bai san inda sunan ya samo asali ba. Mutum ne siriri mai furfura a gefe ɗaya na gemu, hannunsa ba ya rawa ko kaɗan, amma ƙafarsa ta dama ba ta san hutu ba. Za ka same shi da ɗan gilashi maƙale a ido yana tsintar sukurori masu girman ƙwayar yashi, a ƙarƙashin tebur kuwa diddigensa na ta bugun siminti. Matarsa takan ce da keken ɗinki ƙafar nan take takawa, da tuni ta tufatar da unguwa kaf.

Sunan a ƙungiyar wasan kwaikwayo ta unguwa ya same shi. Ƙungiya ce ta mutanen da kowa ke da sana'arsa: akwai malamin makaranta da suke kira Darakta, akwai wata ma'aikaciyar asibiti da kowa ke ce wa Anti Nas, akwai direbobi biyu da mai kanti, sai kuma Tela. Duk Asabar bayan la'asar sukan haɗu a babban ɗakin taro na makarantar firamare, su tura bencina gefe, su yi gwaji. Sau biyu a shekara su fito da wasa, mutanen unguwa su cika ɗakin har taga.

Shi ba wasa ne ya kai shi ba. Shekara ashirin da biyu ke nan, an kira shi ya duba agogon bangon ɗakin taron, yana saman tsani su kuma suna gwaji a ƙasa. Tela ya zo wata magana ya cije. Aka koma baya, ya sake cijewa a wurin. A karo na uku mai gyaran agogo ya kasa daurewa, ya sunkuyo daga saman tsanin ya raɗa masa maganar, da waƙafinta da komai. Darakta ya ɗaga kai ya ce, “Kai kuwa bawan Allah, me kake yi ranar Asabar?” Asabar ɗin da ta biyo baya ya zo da kujerarsa daga gida, 'yar guntuwa mai ƙafa uku, ya ajiye ta bayan labule ta hannun hagu. Tun daga ranar ba ta koma gida ba.

Aikinsa ke nan: ya zauna a ɓoye da littafin wasa a cinya, wanda ya manta maganarsa ya jefa masa ita a hankali yadda 'yan kallo ba za su ji ba. Wanda bai sani ba sai ya ce ai wannan kowa ma zai iya. To bismillah. Shiru a kan dandamali iri biyu ne, akwai na ganganci da ke cikin wasan, akwai na wanda kansa ya ɗauke wuta, kuma daƙiƙa biyu kawai gare ka ka bambance su. Malam Raɗa da kunne yake bambancewa. Ya san numfashin kowa. In Anti Nas ta ja iska a hankali ta hanci, shirun nata ne, kada ka taɓa. In Tela ya yi ɗan gyaran murya sannan ya sosa ƙeya, to jirgi ya kife, a kawo ɗauki. Kuma Tela, Allah ya ba shi murya da tsayuwa da iya sa mutane dariya har su riƙe ciki, amma ya hana shi hadda. Wasa ɗaya sai ya cije sau shida, sau bakwai. In an sauko ya dafa kafaɗar abokinsa ya ce, “Raɗa, ni baki ne, kai ne kan. Ranar da ka tashi daga kujerar nan, ranar zan koma wa almakashina.”

Malam Raɗa yakan yi tsaki ya ce a daina zuga shi, amma maganar nan ita yake tafiya da ita gida. Bai taɓa son a gan shi ba. Abin da yake so a buƙace shi, kuma ana buƙatarsa.

Agogo ne ya fara tona masa asiri. Wata safiya ya gama haɗa wani tsohon agogon hannu, ya kara a kunnen hagu, shiru. Ya sake buɗewa, ya duba komai, ya ga 'yan ƙarafan ciki na tafiya lafiya lau. Ya kara a kunnen dama, sai ga ƙarar can nesa kamar daga gidan maƙwabta. Ya ce mura ce. Wata ya wuce, murar ba ta tafi ba, sai ma ta fara lallaɓowa kunnen dama. Ya koma ɗora agogo a kan ƙashin bayan kunne, wani lokaci ma ya cije shi da haƙori in ba kowa a shagon. Likitan da ya je wa a ɓoye, can wata unguwa inda Anti Nas ba ta aiki, ya duba ya ce abin na shekaru ne, ba ya komawa baya, sai dai a lallaɓa.

Daga nan zama ya gagare shi. Sai ya rufe shago da rana tsaka ya kama tafiya, ya zaga kasuwa ya dawo ba abin da ya saya. Ya tsaya bakin titi yana gwada kansa, ya ga ko zai ji hon ɗin mota kafin ya gan ta. A gida ya zauna, ya tashi, ya leƙa waje, ya dawo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wata rana matarsa ta rage muryar rediyo ta zo ta tsaya gabansa.

“Malam, sau uku ina maka magana daga kicin.”

“Tunani nake.”

“Tunanin ne ya sa rediyon nan ke ihu har maƙwabta na jin labarai kyauta? Ka gaya wa mutanenka mana. Ai ba abin kunya ba ne.”

“In gaya musu su ce me? Su ce sannu Baba, ga benci can gaba ka zauna ka yi kallo?”

Ta san tsoronsa ke nan, ba kurumtar ba.

A lokacin suna shirya wasa ne a kan wasu 'yan'uwa biyu da ke rigima kan katangar da ta raba gidajensu. Tela ne babban wa, Anti Nas ce uwarsu. Akwai wurin da uwar za ta tsaya ta dafa katangar, ta yi shiru mai tsawo kafin ta yi magana, kuma nan ne zuciyar wasan. A wani gwaji, Anti Nas ta dafa katangar kwali, ta ja numfashinta ta hanci kamar kullum. Malam Raɗa bai ji ba. Shirun kawai ya lura da shi, ya jefa mata maganar. Kuma da yake ba ya jin muryar kansa sosai, abin da ya ɗauka raɗa ne sai ya fito har ƙofar ɗakin taro.

Aka kwashe da dariya. Anti Nas ta leƙo tana share ido ta ce, “Haba Baba Raɗa, yau ni ce na zama Tela?” Darakta ya ce ai ko gwani yakan yi tuntuɓe, a ci gaba. Tela kaɗai ne bai yi dariya ba, ya tsaya yana kallon labulen. Malam Raɗa kuwa ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Dabara ta rage wa mai shiga rijiya. Abin da ya sani shi ne agogo, don haka ga agogo ya koma. A ɗakin gwaji, da yake ba kowa, in ya karkata kunnen dama ya matse ido yana iya bin maganganun. Ranar wasa ce matsalar, da hayaniyar mutane da fankoki. Sai ya zo da agogo mai hannun daƙiƙa, ya saita shi daidai da buɗe labule, ya riƙa rubutawa da fensir a gefen littafin: maganar wane, minti huɗu da daƙiƙa goma, shigowar uwa, minti goma sha ɗaya. Ya kuma huda labulen gefe da yake ɓuya a bayansa da allura, ya faɗaɗa hudar daidai ido. Lissafinsa shi ne agogo ya gaya masa inda suke, ido ya nuna masa Tela na sosa ƙeya, shi ke nan ba ruwansa da kunne. Gwaji shida yana gyara lambobin nan, har ya zama bambancin bai wuce daƙiƙa biyar ba. Ya addabi kowa da cewa suna jan magana, har direban da ke fitowa a matsayin ƙane ya ce wai Baba Raɗa ya mayar da su motar haya mai lokacin tashi.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Asabar ɗin wasa ta zo, tun ƙarfe uku ɗakin ya cika, masu tsayuwa sun fi na zaune. Malam Raɗa ya zauna kan kujerarsa, littafi a cinyar hagu don ta dama ba ta tsayuwa, agogo a tafin hannu. Aka ja labule, ya danna agogon.

Minti ɗaya, daidai. Minti biyu, daidai, har ya fara jin iska na shiga ƙirjinsa. A minti na uku Tela ya shigo da igiyar awo zai auna katanga, ya yi wata irin tafiya, ɗakin ya ɓarke da dariya. Malam Raɗa ya ji ta a katakon dandamalin da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Ya leƙa ta huda, ya ga Tela ya tsaya cak yana jiran mutane su lafa, kamar yadda kowane ɗan wasa ke yi. Hannun agogo kuwa bai tsaya ba.

A nan ya gane abin da ya yi. Shekara ashirin da biyu yana jin dariyar nan, amma duk lissafinsa a ɗakin da ba kowa ya yi shi, kuma bencin da ba kowa a kai ba ya dariya. Ya yi ƙoƙarin cire daƙiƙa ashirin a ka, kafin ya gama aka sake wata dariyar, sannan tafi. Kafin minti goma lambobin fensir sun zama zane kawai. Ya karkata kunnen dama, abin da ke shiga sai wani guuu kamar ana ruwa a kan kwano. Ya buɗe shafi ya koma baya, ya sake buɗewa. Bai san inda suke ba.

Ya manna ido a hudar, ba abin da yake kallo sai hannun Tela, yana jiran ya tashi zuwa ƙeya. Yanzu zai sosa, ya ce a ransa, yanzu zai juyo yana jira, ni kuma ba ni da abin ba shi, a gaban unguwa duka. Sau biyu ya yunƙura zai tashi ya fice ta ƙofar baya, ƙafar da ba ta zama ita ce yau ta ƙi ɗaukarsa. Ya ga bayan Anti Nas ta dafa katanga, ya cije leɓe ya bar mata shirunta. Ya ga 'yan'uwan sun ɗaga hannu suna faɗa, ya ga sun rushe katangar kwalin tare. Hannun Tela bai je ƙeya ba ko sau ɗaya.

Aka rufe labule. Katako ya yi ta girgiza da tafi.

Tela ya faɗo bayan labule yana haki, fuskarsa kamar an ba shi kyautar gari. Bai tsaya ta hagu inda ya saba ba, sai ya zagayo ta dama, ya sunkuyo daidai kunnen, ya yi magana dalla-dalla.

“Ka gani, mutumina? Ko ɗaya!”

Malam Raɗa ya ɗaga kai yana kallon bakinsa.

“Tun ranar da ka katse wa Nas shirunta na gane. Ban gaya wa kowa ba, wallahi. Na yayyage littafina na manna shafukan a bangon shago, gaban keke. Ina ɗinki ina hadda, har wandon wani na yi wa ƙafa ɗaya gajera. Na ce in dai ina numfashi ba za ka ji kunya a kan kujerar nan ba.” Ya buga ƙirji yana dariya. “Ashe zan iya! Shekara ashirin da biyu, ashe lalaci ne kawai!”

Malam Raɗa ya kama hannunsa ya riƙe da hannu biyu. Bai taɓa sanin akwai mai ƙaunarsa haka ba, bai kuma taɓa jin abin da ya soke shi kamar wannan ba, duk a magana ɗaya. Ya ce, “Allah ya saka da alheri, Tela. Ka yi ƙoƙari.” Bai san ko a hankali ya faɗa ko da ƙarfi ba.

Ana ta ɗaukar hotuna a gaba, shi kuma ya ajiye littafin a kan teburin Darakta, ya saka agogon a aljihu, ya ɗauki kujerar. Ƙafafunta uku sun bar tabo a katakon, wuri uku da fenti bai dushe ba. Ya fita ta ƙofar baya rana ba ta gama faɗuwa ba, ya bi layin gidansu a hankali, wanda rabonsa da tafiya a hankali har ya manta.

Matarsa na kwashe shanya ya shigo. Ta ce, “Har an tashi? Yaya wasan?”

“Ba su yi kuskure ko ɗaya ba.”

Ta dubi fuskarsa, ta dubi kujerar da ta fita daga gidan nan tun babbar 'yarsu na rarrafe. Ta ajiye kayan shanyar, ta karɓi kujerar ta goge mata ƙura da gefen zaninta, ta kai ta bakin ƙofar kicin ta ajiye, ta yadda in ya zauna kunnensa na dama zai fuskanci inda take aiki.

“Zauna nan, Malam,” ta ce. “Ni ban gama magana da kai ba.”