Jar Fitilar Motar Malam a Hanyar Ɗan Issa

Mun tashi daga Madarumfa bayan sallar asuba, kwana kaɗan da fitata takaba. Babban ɗana ne ke tuƙi, matarsa tana baya, ni ina gaba a tsohuwar motar marigayi Malam, wadda ya yi shekaru yana kai kifi da tumatir Maradi da ita. Rigarsa tana naɗe a cinyata. Yayarsa da ke wani ƙauye gaba da Ɗan Issa ta makance, ciwo ya kwantar da ita, ko gaisuwa ba ta samu zuwa ba. Ta aiko cewa ba ta neman komai cikin abin da ya bari sai rigarsa, ta shinshina kafin ta bi shi. Mai saƙon ya ce kada mu yi jinkiri.

Da muka biyo ta bakin tafki sai da na yi salati. Na daɗe rabona da ganin sarari. Ruwa ya kwanta kamar an goge tasa, masunta suna janye koma, tsuntsaye fari fat a kan itatuwan da ke tsaye cikin ruwa. Ashe duniya tana nan yadda Malam ya bar ta. Na yi kuka, ban ɓoye ba. Mun tsaya sayen busasshen kifi na tsaraba, mai kifin ta faɗi tsadar da ta sa surukata ta tambaye ta ko kifin ma ya ji labarin faɗuwar kuɗi ne.

Muna shiga ramukan hanya sai wata 'yar jar fitila ta kama a gaban ɗana. Ta mutu, ta sake kamawa. Ya ce ta batir ce, in ta zauna daram wuta za ta ƙare, mota ta tsaya mana a daji. Ya tsaya a gefen hanya. Ya buɗe gaban motar, ya ga farin gari ya taru a kawunan batir, ya wanke da ruwan zafin shayinmu, ya ƙara ɗaurewa. Muka ɗan yi tafiya lafiya, sai ga ta kuma. In hanya ta yi sumul ta yi shiru, in mun faɗa rami ta ƙifta. Ni dai addu'a nake, Allah ya sa mu tarar da tsohuwa da rai.

Da hantsi muka lallaɓa Ɗan Issa. Manyan kamiyo na dakon kaya jere a bakin duwan, wato kwastan, 'yan canji suna karkaɗa naira a fuskar mutane, ƙamshin tsire ko'ina. Muka sami makanike ƙarƙashin dogon yaro. Bai taɓa batir ba. Ya tambayi lokacin da fitilar ke kamawa, sannan ya danna wata igiyar roba da babban yatsa, ta lotsa. Ya kama dinamo, abin da ke cika batir, ya girgiza, sai ga shi yana rawa kamar haƙorin tsohuwa. Ya ce bulon da ke riƙe shi, wato ƙusar da ake ɗaurewa da noti, ya cinye tuntuni, shi ya sa in an faɗa rami igiyar take saki. Ya leƙa, ya shafa wani wuri da ya yi santsi.

"Wa ya cire icen da ke nan?"

Ɗana ya sunkuyar da kai. Jiya da yake wanke mota don tafiyar, ya ga guntun ice a maƙale a inji, ya ɗauka datti ne ya jefar.

Na ce, "Mai kama da ƙotar fartanya? Ai da shi na hura wutar dambun da kuka ci."

Makaniken ya yi dariya har da riƙe ciki. "To Inna, kun cinye gyaran mota da safe!"

Ni ma na dara, hawaye na zuba. Sau nawa na ga Malam zaune a ƙofar gida yana sassaƙa 'yan guntayen ice, ina yi masa tsiya wai ya koma wasan yara? Ashe da su yake tokare dinamo. Guntun ice ne ya riƙe abincinmu shekara da shekaru, ban sani ba. Allah mai iko!

Aka yi walda, aka sa sabon bulo, aka ja igiyar ta yi tsam. Da aka tada mota fitilar ta kama, ta mutu, ba ta sake ba, duk da yashi da ramukan da ke gaba.

Mun tarar da Yaya da ranta. Na durƙusa na sa mata rigar a hannu. Ta kai hanci, ta daɗe, sannan ta ce, "Shi ne. Kihi da man mota." Ta kira shi da sunan da take kiransa tun yana goye a bayanta. Ta sa aka shimfiɗa mata rigar ƙarƙashin kai, ta ci dambu loma biyu, abin da mutanen gidan suka ce ta kwana biyu ba ta yi ba.

Washegari muka dawo gida lafiya. Abin da na koyo, 'yan'uwa, mutum yana iya zama da mutum har tsufa bai gama sanin abin da yake yi dominsa ba. Ba mu daɗe da sauka ba saƙo ya biyo mu: Yaya ta cika, kanta a kan rigar ƙaninta. Allah ya jiƙansu, ya haɗa su a inda ba rabuwa.