Gadin Igwa da Na Karɓa

Jama'a, wallahi abin da zan faɗa muku a kaina ya faru, kuma duk wanda ya san ni ya san ba na yawan magana, balle ƙari. Shekarun baya ina digiri na biyu a nan Doha, fannin adana tsofaffin gine-gine, sai aka kai ajinmu wani tsibiri a gabashin Afirka mu auna wani gidan igwa da Turawa suka gina lokacin yaƙin duniya na biyu. Yana kan tudu, igogi biyu manya suna kallon mashigar tashar jiragen ruwa don kada jirgin abokan gaba ya kutso, amma mai yi mana jagora ya ce har yaƙin ya ƙare jirgin bai zo ba, sojojin da aka jibge a wurin kallon ruwa kawai suka yi ta yi, wasu zazzaɓi ya kwantar a nan.

Ranar ƙarshe, gab da la'asar, na koma ni kaɗai ɗakin leƙe, inda ake hango mashigar, in sake auna tagarsa, don awon farko bai gamshe ni ba. Ina shiga na tarar da wani dattijo tsaye da tsohon kaki da gajeren wando, ga tsage a kumatunsa irin na mutanenmu. Na ɗauka mai gadi ne. Bakina ya riga ni, na ce, "Sannu da aiki, Baba."

Bai ko juyo ba. Ya ce, "Alhamdulillahi, ɗan gida ne. Ɗan nan, tsaya mini nan in je in yi la'asar, na daɗe ban samu mai karɓa ta ba. Kada ka ɗauke ido daga mashigar nan."

To ku faɗa mini, wane ɗan halak ne dattijo zai ce zai je sallah ya ce masa a'a? Na ce, "To, Baba." Ya fita, ban ji takunsa ba a kan tsakuwa. Ina nan tsaye har malamarmu ta zo ta ja ni, ta ce jirgi zai tashi, wurin kuwa ba shi da mai gadi.

Tun da muka dawo Doha, da an kira la'asar sai ƙafata ta ɗauke ni zuwa Corniche, titin nan na bakin ruwa, in tsaya ina kallon teku, ina bin kowane jirgin katako da ido, ba na iya juya wuyana sai rana ta faɗi. La'asar ɗin ma sai in haɗa ta da magariba. Jarrabawar da ta faɗo da yamma na rasa ta, ofishin tallafin karatu ya gargaɗe ni, ni kuwa me zan ce musu?

Abokin ɗakina Nura ya kai ni wurin wani malami ɗan ƙasarmu a Umm Salal. Ya yi mini addu'a, sannan ya ce, "Amana ce ka karɓa da bakinka. Ko mai ita ya dawo, ko wani ya karɓe ka kamar yadda ka karɓe shi."

Washegari Nura ya same ni a bakin ruwa da kofin shayi. Ya ce da ɗan Larabcinsa na nan, "Yalla, taso mana Farfesa, ka zama turken fitila ne? Khalas, ya isa haka, je ka yi sallah, ni in tsaya ma…"

Wallahi nan take na ji wuyana ya saki, karon farko. Kalma ɗaya ta rage ya ƙarasa, gadin ya koma kansa. Na toshe masa baki da tafin hannuna har shayin ya zube masa a riga, ya zage ni, wuyan ya koma yadda yake. Nura yana da mata da jaririya a Zariya.

Har yau dattijon bai idar ba. Ku gaida manya, amma ku san abin da kuke cewa "to" a kai. In kuma kun ga wani siriri mai tabarau a Corniche da la'asar, ya ce ku ɗan tsaya masa ya je sallah, don Allah ku wuce. Na fara gajiya.