Jatau Sankira da Maganar Gari

Jatau taubashina ne, ɗan kawuna, don haka ina da ikon faɗin muninsa. Gajere ne, ga kunnuwa kamar faifai, ga wuya siriri. Allah dai ya tara masa duk kyawunsa a maƙogwaro, don in ya yi shela a ƙauyenmu har mutanen Nahuce kan jiyo.

Shi ne sankiran Mai gari Attahiru, ya gaji aikin daga ubansa tun shekarun da Nasara suka shigo. Yadda ake yi a wurinmu, ran kasuwa sankira zai buga 'yar gangarsa, kurya, a gindin tsamiya, ya faɗi saƙon mai gari, sannan ya ajiye makaɗi ƙasa ya tsaya. Muddin makaɗin nan na ƙasa, kowa na iya faɗin abin da ke ransa, namiji ko mace. Daga nan sai sankira ya koma zaure ya ce, "Gari ya ce kaza." Ba ya ragewa, ba ya ƙarawa, kuma ba ya kama sunan kowa. Na sha ce masa wannan gulma ce da aka naɗa wa rawani, shi kuwa ya ce ai ni tawa gulmar ko hula ba ta samu ba.

Shekarar da aka fara aikin hanyar jirgin ƙasa zuwa Gusau, aka ce kowane gida ya ba da mutum. Aka kwashe majiya ƙarfi ana tsakiyar noman farko. A makon nan kuma Mai gari ya aiko Jatau da shelar gayya a gandunsa. Jatau ya faɗa, ya ajiye makaɗi. Kasuwa ta yi ta gunaguni, har wata murya ta ce ciyawar gonar Mai gari ba ta fi ta kowa sauri ba, in yana son gayya ya maido mana mazanmu tukuna. Ina wurin da ƙwaryar daddawata, na san mai muryar, amma ba daga bakina za ku ji ba.

Jatau ya kai maganar zaure yadda take. Mai gari ya tambayi wanda ya faɗa. Jatau ya ce gari ne. Aka lallashe shi, aka yi masa faɗa, aka tuna masa cewa kuryar da rigar da ke jikinsa duk na fada ne.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "ran da na kama suna ɗaya, ba wanda zai sake buɗe baki a gabana. Ni da kai duk mun kurumce ke nan."

Aka karɓe kuryar da rigar. Ya ratso gari da ɗan bante da tsohuwar taguwa, na ce masa yau dai an ga wuyan nan gaba ɗaya. Bai yi dariya ba sai washegari.

Aka ba wani Yari kuryar, mutum mai ladabi da saurin kai rahoto. Shi ma yakan ajiye makaɗi ƙasa, amma sai ya riƙa bin fuskoki da ido ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya ce to. Yari ya koma ya ce gari ya ce to. Ran gayya Mai gari ya sa aka dama fura cike da manyan ƙore, sai ga wasu tsofaffi sun iso da fartanya, ba su ko cika tabarma guda ba. Furar nan awaki suka sha.

Ba a mayar wa Jatau kuryarsa ba, don masu sarauta ba su iya cewa sun yi kuskure. Ya koma tufkar igiyar rama a gindin tsamiyar nan, mutane kuma suka ci gaba da zama kusa da shi suna magana kamar ba da shi suke ba. Bayan kaka sai ga Mai gari ya tsaya neman igiya. Ya juya ta, ya ja ta, can ya ce, "Jatau, me gari ya ce?"

Jatau ya faɗa masa duka, ba suna ko ɗaya.

Haka suka yi ta yi, Mai gari ya sayi igiya ya ji maganar gari, har Jatau ya rasu, shekarar da jirgi ya fara shiga Gusau. Na shiga gidan Mai gari bayan nan, na ga igiyoyin rataye a zaure. Sun fi awakinsa yawa nesa ba kusa ba.